Tomas Galodet, Malamin Kurame da Ƙananan Yara

A wannan wata mun kawo muku labarin wani bawan Allah na ƙasar Amurka, Tomas Hofkins Galodet, wanda Turawa ke rubuta sunansa Gallaudet. Mutum ne ɗan ƙarami, marar ƙarfin jiki. Ya yi karatun fasto, amma bai taɓa riƙe ekklesiya tasa ta kansa ba. Duk da haka Ubangiji ya yi aiki babba ta hannunsa. Shi ne ya shugabanci makarantar kurame ta fari wadda ta ɗore a Amurka. Abin da ya koya kuma wurin kurame, shi ya juya ya yi amfani da shi wajen koya wa ƙananan yara masu ji karatu. Ko wane uba da ko wace uwa da ke so ɗansu ya iya karanta Littafi Mai-tsarki da kansa, da ko wane malamin makarantar Lahadi, suna da abin ɗauka a cikin wannan labari.

Asalinsa da ƙuruciyarsa

An haifi Tomas a birnin Filadelfiya ran 10 ga Disamba, 1787. Kakanninsa na wajen uba mutanen Faransa ne, masu-bi waɗanda suka bar ƙasarsu sabada tsanani, suka haye teku domin su sami inda za su yi sujada cikin kwanciyar rai. Shi ne ɗan fari cikin 'ya'ya 12. Yana wajen shekara 13 iyayensa suka ƙaura zuwa Hatfod, wani gari a jihar Konetikat. Wannan gari shi ya zama gidansa har mutuwarsa.

Tun yana yaro ba shi da isasshiyar lafiya, amma Allah ya ba shi kaifin hankali. Ya shiga babbar makarantar Yel a 1802, ya fita a 1805 yana cikin na gaba a ajinsu, bai ko cika shekara 18 ba. Bayan wannan ya yi ta neman inda zai sa kansa. Ya fara koyon aikin lauya, rashin lafiya ya tsai da shi. Ya koma Yel ya yi koyarwa. Ya shiga fatauci, yana yawo a kan doki ko iska za ta ƙarfafa jikinsa. Ba ko ɗaya da ya kwantar masa da rai. A 1812 ya shaida bangaskiyarsa a fili, ya shiga makarantar koyon aikin fasto a Andoba, ya gama a 1814. Aka kira shi ya riƙe wata ekklesiya, amma jikinsa bai yarda ba. Ga wanda ya duba daga waje, sai ya ce wannan saurayi ya tara ilimi a banza. Ashe Ubangiji yana ajiye da shi domin wani aiki ne dabam.

Yarinyar maƙwabci

A Hatfod akwai wani likita maƙwabcinsu, sunansa Meson Kogswel, yana da 'ya wadda a ke kira Alis. An haife ta a 1805. Tana da shekara 2 wani zazzaɓi mai-tsanani ya kama ta, ya bar ta kurma, 'yan kalmomin da ta fara koya kuma suka ɓace mata. A zamanin nan babu makarantar kurame a ƙasar. Mutane da yawa suna tsammani wanda ba ya ji ba shi da hankalin da za a koya masa kome.

Labarin da a ke bayarwa shi ne, wata rana a 1814 Tomas yana gida yana kallon ƙannensa suna wasa da yaran unguwa, sai ya ga yarinya ɗaya tsaye a gefe ita kaɗai. Ya tambaya, aka gaya masa kurma ce. Ya je wurinta, ya tuɓe malafarsa ya nuna mata, ya ɗauki tsinke ya rubuta a ƙasa haruffa uku, H A T, wato sunan malafa da Turanci. Ya nuna malafa, ya nuna rubutu. Ya sake, ya kuma sake. Can sai fuskar yarinyar ta sake kama. Ta gane wannan zane da ke ƙasa yana tsaye ne a madadin abin da ke hannun mutumin.

Sai mu tsaya kaɗan mu duba abin da ya faru a nan, gama dukan sauran labarin daga nan ya fito. Alis ba ta san sunan ko harafi ɗaya ba. Ba ta taɓa jin ƙarar da ko wane harafi ke yi ba, ba kuwa za ta ji ba. Da Tomas ya bi hanyar makarantun zamaninsa, ya ce sai ta haddace haruffa 26 tukuna, da ba su kai ko'ina ba. Amma ya fara da abin da ta sani, abin da ta ke iya gani ta taɓa, ya ba ta sunansa ɗungum. Ta gane kalmar kamar yadda yaro ke gane fuskar uwarsa, ba sai ya ƙidaya ido da hanci da baki ba. Babban abin da ta samu a ranar ya fi kalma ɗaya. Ta gane ko wane abu yana da suna, sunan kuma a kan rubuta shi.

Likita Kogswel ya yi murna ƙwarai. Dama tun 1812 ya roƙi fastocin jihar su ƙidaya masa kuramen da ke cikin yankunansu, aka sami mutum 84 a Konetikat kaɗai. Ya ga lalle ana bukatar makaranta. A watan Afrilu 1815 ya tara waɗansu manyan gari a gidansa, suka buɗe taro da addu'a, suka shirya su tara kuɗi su aiki mutum zuwa Turai ya koyo yadda a ke koyar da kurame. Suka zaɓi Tomas, shi kuwa ya karɓa a kan kira ne daga Allah.

Ƙofa a rufe, ƙofa a buɗe

Ya shiga jirgin ruwa a watan Mayu 1815, ya nufi Ingila. A can akwai wani gida da a ke kira Biredwud, waɗanda suka daɗe suna koya wa kurame su yi magana da baki, su kuma karanta motsin leɓe. Amma sun mai da wannan sani asirin gidansu, abin cin abincinsu. A Landan aka ce masa sai ya zauna shekara 3 yana aiki a ƙarƙashinsu kafin a sake shi. Ya wuce Edinbara a ƙasar Sikotlan. Shugaban makarantar can yana son ya taimake shi, amma an riga an ɗaure shi da alkawari cewa idan ya koya wa wani wannan hanya kafin wa'adi ya cika, zai biya fam 1,000. Watanni suka yi ta wucewa, kuɗin da 'yan'uwa suka tara yana ƙarewa, Alis kuma tana girma a gida.

Amma tun yana Landan ya ga wani abin mamaki. Wani fada na Katolika daga Faransa, mai suna Sikar, shugaban makarantar kurame ta birnin Faris, ya zo da almajiransa biyu, Jan Masiyu da Loran Kiler, dukansu kurame. Jama'a suna yi musu tambayoyi masu-wuya, ana juya musu da maganar hannu, su kuwa suna amsawa a rubuce a kan allo. Sikar ya gayyaci Tomas zuwa Faris, bai nemi ko kwabo ba. A watan Maris 1816 ya isa can, ya zauna a aji kamar ƙaramin yaro, yana koyon maganar hannu daga bakin ƙasa.

Ya ga ba zai iya ƙwarewa cikin 'yan watanni ba, sai ya roƙi Loran Kiler ya bi shi Amurka. Loran ya yarda ya bar ƙasarsa da danginsa. Suka tashi a watan Yuni 1816, suka yi kwana 52 a kan teku. A cikin jirgi Loran yana koya wa Tomas maganar hannu, Tomas yana koya wa Loran Turanci. Mai-ji ya zama almajirin kurma, bai kuwa ji kunyar wannan ba.

Makarantar Hatfod

Da suka sauka suka yi ta yawo gari gari suna neman taimako. Duk inda mutane suka ga Loran yana rubuta amsa mai-ma'ana a kan allo, sai shakkarsu ta gushe. Majalisar jihar Konetikat ta ba da dala 5,000. Ran 15 ga Afrilu, 1817, aka buɗe makaranta da almajirai 7, sunan Alis shi ne na fari a littafi. Kafin shekara ta kewayo sun wuce 30. Ba yara kaɗai ba ne, har da wani mai zanen hotuna ɗan shekara 51. A 1819 majalisar ƙasar Amurka ta ba makarantar fili wajen eka 23,000 a Alabama, aka sayar aka yi gini, aka kuma ajiye abin riƙe ta. Makarantar tana nan tana aiki har wa yau.

Almajiran sun zo da alamun hannu iri iri na gidajensu da ƙauyukansu. Waɗannan suka gauraya da na Faransa da Loran ya kawo, daga nan maganar hannu ta kuramen Amurka ta tsiro. Abin da ya fi damun Tomas shi ne rayukansu. Ya kan tsaya gabansu ya yi addu'a da wa'azi da hannu, ba murya. Mutanen da suka yi shekaru suna zama a bayan ɗakin sujada ba su san abin da a ke faɗi ba, yanzu suka sami labarin Yesu Kristi a cikin harshen da su ke ganewa.

A 1821 ya auri Sofiya Faula, kurma, wadda ta yi karatu a makarantar. Allah ya ba su 'ya'ya 8, dukansu masu ji. Aikin shugabanci da koyarwa ya yi masa nauyi, har a 1830 ya sauka sabada rashin lafiya. A ƙarshen shekarar nan Likita Kogswel ya rasu, bayan kwana 13 kuma Alis ta bi shi, tana da shekara 25.

Katuna a hannun uba

Da ya bar makarantar sai ya mai da hankali ga ƙananan yara. A lokacin nan hanyar koyon karatu a makarantun Amurka ita ce, yaro ya haddace sunayen haruffa bi da bi, sa'an nan ya yi ta rera gaɓoɓi marasa ma'ana, sa'an nan dogayen jerin kalmomi yana kiran harafi ɗaya ɗaya. Yaro ya kan yi watanni bai karanta magana ɗaya da ta shafe shi ba. Da yawa su kan gaji, bulala kuma ta cika abin da sha'awa ta rasa.

Tomas ya tuna da malafa da tsinke. Ya ce a ransa, idan kurma ya iya gane kalma ɗungum, me zai hana mai-ji? Ya gwada a kan 'ya'yansa a gida. Ga yadda ya yi. Ya rubuta sunayen abubuwan da yaro ya sani, kamar doki da kare da kyanwa, ko wane a kan kati nasa, da rubutu mai-kyau a fili. Ya nuna wa yaro kati ɗaya ya faɗi sunan, ba ya ambaci haruffa ba. In yaron ya riƙe wannan, ya kawo na biyu, sa'an nan na uku. Ya gauraya su ya ce yaro ya zaɓo masa kare, ko ya miƙo doki. Yaron yana ɗauka wasa ne. Kaɗan kaɗan a ke ƙara katuna, har a shigo da ƙananan kalmomin da ke haɗa magana, yaro ya ga ya karanta 'yar gajeruwar magana da kansa.

Amma ga abin da mutane da yawa suka manta game da shi. Tomas bai tsaya a nan ba. Sa'ad da yaro ya san kalmomi wajen 50, sai ya ɗauki kalma ɗaya da yaron ya saba da ita, ya rufe dukan haruffanta ya bar na fari, ya gaya masa sunansa. Haka har yaron ya san haruffa duka, ya kuma iya jera su. Katuna ƙofa ce ta shiga, ba su ne ɗakin ba.

Ya tattara wannan hanya a cikin wani ɗan littafi da ya fito wajen 1835, mai suna Mother's Primer, wato littafin fari da uwa za ta koya wa ɗanta karatu. Sunan kansa yana da koyarwa. A ganinsa makarantar fari ita ce cinyar uwa. Ya kuma rubuta littattafai da dama domin yara, a kan rai, da tuba, da labarun mutanen Littafi Mai-tsarki, cikin kalmomi masu-sauƙi. 'Yan mishan suka juya waɗansunsu zuwa harsuna dabam dabam, har da harshen mutanen tsibiran Hawai. Tun 1825 kuma ya yi rubutu yana roƙo a kafa makarantu na musamman domin horon malamai, gama ya ga koyar da yaro sana'a ce da sai an koya.

Gardamar da ta biyo baya

A 1837 masu kula da makarantun ƙananan yara na birnin Bostan suka karɓi littafinsa. Horas Man, babban sakataren ilimi na jihar Masacusets, ya goyi bayan a fara da kalmomi kafin haruffa. Amma a 1844 shugabannin makarantun Bostan su 31 suka fito da takarda suna sukar ra'ayoyin Man, har da wannan. Suka ce yaron da ya saba da haddar siffar kalma zai tsaya cik ran da ya gamu da kalmar da ba a taɓa nuna masa ba.

Gardamar nan ba ta mutu da su ba. Daga wajen 1930 makarantun Amurka da yawa suka rungumi hanyar duba ka faɗa, suka rage koyar da ƙarar haruffa ƙwarai. A 1936 wani malami mai suna Edwad Dolc ya fitar da jerin kalmomi 220 waɗanda suka fi yawan fitowa a littattafan yara na Turanci, domin yara su san su da gani ɗaya. Jerin yana da amfani, gama Turanci yana da ƙananan kalmomi da yawa waɗanda rubutunsu bai bi faɗarsu sosai ba. Amma inda aka mai da hadda ita ce dukan karatu, yara da yawa suka koma cinta, suna duban hoto ko harafin fari su faɗi abin da ya zo bakinsu. A 1955 wani marubuci, Rudolf Filesh, ya buga littafi mai-zafi a kan wannan, ƙasa ta ɗauka. A shekara ta 2000 wani kwamitin masana da majalisar Amurka ta sa aka kafa ya duba binciken da aka yi, ya tabbatar cewa yara sun fi iya karatu idan an koya musu ƙarar haruffa a tsare, mataki mataki.

Masu bincike sun kuma gano wani abu. Mai-karatu da ya ƙware lalle yana gane dubban kalmomi da gani ɗaya. Amma ba siffar waje ya haddace ba kamar hoto. Ya haɗa haruffan kalmar da ƙararsu sau da dama ne, har ta zauna masa a kai, ba ya bukatar ya sake tsinka ta. Wato gane kalma da gani ɗaya shi ne amfanin gona, sanin haruffa kuwa shi ne noma. Idan muka auna Tomas da wannan ma'auni, za mu ce ya yi daidai da ya fara da abin da yaro ya sani, ya sa ma'ana da murna a cikin karatu. Yaro mai-ji dai ba ya bukatar ya jira kalmomi 50 kafin a buɗe masa asirin haruffa, gama yana da kunnen da Alis ba ta da shi. Waɗanda suka ɗauki katuna suka yar da haruffa kuwa, rabin koyarwarsa suka ɗauka.

Ƙarshen kwanakinsa da abin da ya bari

Daga 1838 har mutuwarsa ya zama faston wani asibitin masu taɓin hankali a Hatfod. Ya kan kuma ziyarci 'yan kurkuku yana yi musu wa'azi. Kullum wurin waɗanda jama'a suka ture gefe a ke samunsa. A watan Satumba 1850 kurame masu-yawa suka taru a Hatfod daga jihohi dabam dabam, suka ba shi da Loran Kiler kyautar butoci na azurfa da kuɗin da su kansu suka tara. Ya rasu ran 10 ga Satumba, 1851, yana da shekara 63. Loran, wanda ya zo da niyyar 'yan shekaru kaɗan, ya koyar a Hatfod fiye da shekara 40, ya rasu a can a 1869.

Babban ɗansa, shi ma Tomas, ya zama fasto, ya kafa ekklesiya domin kurame a birnin Niyu Yok a 1852. Autansa Edwad ya shugabanci makarantar kurame a Washinton, wadda Shugaba Ibrahim Linkon ya sa hannu a 1864 ta zama kwaleji. A 1894 aka sa mata sunan Galodet domin tunawa da uban, a 1986 ta zama jami'a. A harabarta akwai siffar Tomas zaune da Alis a gefensa, yana nuna mata harafin A da hannu.

Daga wannan kwaleji ne albarkar ta iso ƙasashenmu. Andru Fosta, baƙar fata kurma na Amurka, ya gama karatu a can a 1954. Ya ji kiran Ubangiji zuwa Afirka, ya buɗe makarantar kurame a Akara ta ƙasar Gana a 1957, da wata a Ibadan a 1960. Kafin ya rasu cikin hatsarin jirgin sama a Ruwanda a 1987, ya kafa makarantu wajen 30 a ƙasashen Afirka, har da Cadi da Kamaru.

Abin da za mu ɗauka

Ya ku iyaye da malamai, mu da ke koyar da karatun Hausa Allah ya sauƙaƙa mana. Rubutun boko yana bin faɗa kusan ko'ina. Yaron da ya san baƙaƙe da wasula 5, ya iya haɗa ba, be, bi, bo, bu, ya riga ya riƙe mabuɗi. Kada mu hana shi wannan mabuɗi, kada kuma mu jinkirta ba shi. Amma kada mu bar shi yana rera gaɓoɓi wata da watanni ba tare da ya ɗanɗana ma'ana ba. Tun makon fari a rubuta masa sunansa, da baba, da mama, da kaza, da ruwa, a kan guntun kwali ko a ƙasa da tsinke. Ya gan su, ya faɗe su, sa'an nan a tsinka masa su gaɓa gaɓa, ya sake haɗawa da kansa.

Akwai kuma ƙananan kalmomi da ke cika ko wane shafi, irin su da, na, ta, ya, ba, ne, ce, a, cikin, kuma, amma. Ku buɗe ko wace sura ta Bishara ku ƙidaya, za ku ga yadda su ke komowa a kai a kai. Yaron da ke tsayawa yana fama da ko wace ɗaya, kafin ya kai ƙarshen aya ya manta farkonta. A ɗauki biyu ko uku a mako, a karanta su da haruffansu, a sa shi ya neme su a cikin shafi kamar mai tsintar gyaɗa, ya rubuta su, har su zama ba ya tunani kafin ya faɗe su. A riƙa kuma tambayarsa abin da ya karanta. Rubutunmu ba ya nuna jan wasali ko hawa da saukar murya, don haka gari na zama da gari na tuwo kamanninsu ɗaya a takarda, sai ma'anar magana ta raba su. Minti 10 ko wace yamma ya fi awa biyu ran Asabar. Icce tun yana ɗanye a ke tanƙwara shi, amma da hannu mai-taushi.

Tun 1932 mu ke da dukan Littafi Mai-tsarki da Hausa. Littafi a rufe a kan taga ba ya ciyar da kowa. Yaron da ya tashi bai iya karatu ba, zai dogara ga bakin wani dukan ransa, ko mai-gaskiya ko mai-ruɗi.

A ƙarshe, sai ko wace ekklesiya ta yi abin da Likita Kogswel ya yi, ta ƙidaya. Kurame nawa ne a cikin gidajen masu-bi na garinku? Wa ke kai musu bishara? Suna da maganar hannu tasu, suna da hankali kamar kowa, akwai kuma makarantun da za a kai su. A cikin Markus sura 7 mun ga yadda aka kawo wa Ubangijinmu wani kurma, ya janye shi daga cikin taro shi kaɗai, ya yi masa alama da hannu irin wadda zai gane, sa'an nan ya warkar da shi. Ba a ba Tomas Galodet ikon buɗe kunne ba, amma ya ga yarinya ɗaya a gefe, ya je wurinta da abin da ke hannunsa. Bari Ubangiji ya ba mu ido irin wannan, da haƙurin da za mu zauna da yaro ɗaya har ya karanta Maganar Allah da kansa. Amin.